Jitar bes huɗu gare ni, na kasa tsayawa kan ɗaya

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni makaɗin jitar bes ne a Jos, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ranar Lahadi ina kiɗa a majami'armu, ranar Asabar kuma in an samu biki mukan je da ƙungiyarmu. Damuwata ba ta kai ta kawo ba a idon mutane, amma ta hana ni sakat. Bes huɗu ke jingine a ɗakina. Ta fari Squier Precision ce mai tsirkiya huɗu, gwanjo na saye ta tun ina saurayi, fentinta duk ya goge a inda hannu ke kwanciya. Ta biyu Fender Jazz ce ƙirar Meziko, sai da na kwashi adashe na haɗa da kuɗin babur ɗina kafin na mallake ta. Ta uku Ibanez ce mai tsirkiya biyar, mai amfani da batir. Ta huɗu tsohuwar Yamaha ce ta yayana marigayi, wanda shi ya koya mini kiɗa.

Kusan kowane dare sai na zauna ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yau in ce Fender ce tawa, gobe in ji Ibanez ta fi ta daɗi. Wannan makon in tafi da wannan, mako mai zuwa in tafi da waccan, har hannuna ya fara kuskure a waƙoƙin da na haddace tuntuni. Mai gangarmu ya taɓa ce mini ranar da na zo da tsohuwar Squier ce yake jin ni a ƙirjinsa. Ni ma in na makara ranar Lahadi ita nake sunguma ban ma yi tunani ba, amma sai in ji kunyar barin Fender a gida bayan kuɗin da na zuba. Maman yara ta fara tambayar amfanin jita huɗu ga mai hannu biyu, ga kuɗin makaranta yana tafe. Yaya, wacce zan riƙe?

Ƙanenka daga Jos

Ƙanena, ina amsa gaisuwa. Allah ya ji ƙan yayanka.

Kada ka raina damuwar nan. Makaɗin da ya hau dandali yana tunanin da ya sani da ɗayar ya ɗauko, rabin hankalinsa ne kawai ke kan waƙa, kuma mai bes ba shi da wannan sararin, domin shi da mai ganga ne ke ɗauke da kowa. Sai dai abin da na gani a wasiƙarka shi ne ka riga ka yi zaɓi, faɗinsa ne ke yi maka nauyi. Wadda hannunka ke kai wa in lokaci ya ƙure, wadda mai gangarka ke ji a ƙirjinsa, wadda ka kaɗa har fentinta ya goge, ita ce taka. Abin da ke tsakaninka da ita kunya ce: ita ce mafi arha a ɗakin, ga kuma wadda ta cinye maka babur tana kallon ka. Kuɗin baburin ya riga ya tafi ko ka rataya Fender ko ba ka rataya ba. Idan ka tilasta wa kanka kiɗa da ita don kada kuɗin ya zama asara, ka biya sau biyu ke nan, da aljihu da kuma kiɗanka.

Ba na so ka ɗauki maganata a kan yarda kawai, don haka bari in nuna maka dalilin da gwajin da kake yi da dare ba zai taɓa ba ka amsa ba.

Abu na farko, ba a kan adalci kake gwada su ba. Kunnen mutum duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, ko da ɗan bambancin kaɗan ne. Ibanez ɗinka tana da batir mai ƙarfin bolt 9 da ke ƙara wa sautinta ƙarfi tun kafin ya isa amfilifaya, don haka in ka zare wayar daga Squier ka soka mata ba ka taɓa komai ba, tana iya fin ta cika ɗaki, kai kuma ka ce ta fi ta kyau. Haka nan tsirkiya. Sabuwar tsirkiya tana da wani ƙyalli a sautinta da ke ɗaukar hankali, wadda ta sha gumi da ƙura wata shida kuwa sautinta ya dushe. Ka tambayi kanka wacce ka fi sabunta wa tsirkiya a cikin huɗun nan. Ina kyautata zaton Fender ce, don mutum abin da ya saya da tsada shi yake lallaɓawa. Sannan akwai tsayin tsirkiya daga wuya. Jitar da tsirkiyarta ta yi sama tana gajiyar da yatsu, sai mai ita ya ce ba ta da daɗin hannu, alhali gyaran minti talatin take buƙata. Kai da ke Jos wannan ya fi shafar ka, domin katako yana shan danshi da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi, wuyan jita ya ɗan sauya lanƙwasa. Jitar da ka ji ta yi maka laushi a watan Agusta tana iya zama wata aba dabam a Janairu. Da wannan kaɗai ra'ayinka zai yi ta yawo daga wannan zuwa waccan.

Abu na biyu ya fi na farko girma: a ɗaki kake gwaji, kai kaɗai, alhali bes ba kayan kiɗan kaɗaici ba ce. Sautin da ke burge mutum a ɗaki shi ne mai zurfi sosai a ƙasa da ƙyalli a sama, tsakiyarsa a rame. Fender Jazz in ka buɗe fikof ɗinta biyu gaba ɗaya, wato na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sautinta, kusan haka take yi, Ibanez ma haka in ka murɗa mata maɓallan ƙara zurfi da ƙyalli. Amma ka shiga majami'a: mai kibod yana danna hannun hagu a ƙasa, babbar ganga tana dukan ƙasan, jita da kuge sun cinye saman, ga mawaƙan kwaya, ga jama'a suna tafi, ga rufin kwano yana maido da komai. A wannan cunkoson ƙyallin nan yana ɓacewa, zurfin ya cakuɗe da na ganga, abin da ke tsira shi ne tsakiyar sauti mai kauri. Wannan tsakiyar ita ce gadon Precision. Shi ya sa mai gangarka ya faɗi abin da ya faɗa, kuma ka ɗauki maganarsa da nauyi, don shi ne mutumin da ya fi kowa sauraron ka a duniya.

Ƙirar ma ba ta yau ba ce. Leo Fender ya fito da Precision a Kalifoniya a 1951, lokacin da masu bes ke fama da babbar gogen tsaye da ba a jin ta a cikin ƙaho da ganguna. A 1957 aka sa mata fikof ɗin nan da aka raba biyu, rabi a ƙarƙashin tsirkiya biyu na sama, rabi a ƙarƙashin biyu na ƙasa, kuma tun daga nan ba a sauya ainihin tsarin ba. Rabewar tana da wani amfani da za ka gane da kyau: ɓangarorin biyu suna kashe wa juna gurnanin wutar lantarki. Jazz Bass da ta fito a 1960 tana da fikof biyu dabam-dabam, in duka biyun a buɗe suke daidai shiru za ka ji, amma da ka rage ɗaya don neman wani sauti sai gurnanin ya taso, musamman a wurin biki da aka ja waya daga janareta ba tare da an kafa ta a ƙasa yadda ya kamata ba. Squier kuwa kamfanin Fender ne da kansa ya fara fitar da jitoci da wannan suna a 1982 don masu ƙaramin ƙarfi. Zanen ɗaya ne, tsawon tsirkiya inci 34 ɗaya ne. Bambancin yana ga ingancin ƙarafa da wayoyin ciki da kammalawar aiki, kuma a cikinsu akan dace da wadda katakonta da wuyanta suka zo daidai. Taka ta yi shekaru tana aiki ba ta ba ka kunya ba, to ka dace.

James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin faya-fayan kamfanin Motown a Detroit cikin shekarun 1960, mafi yawan aikinsa da Precision guda ɗaya ƙirar 1962 ya yi shi, da tsirkiya masu santsi da ba ya sauyawa sai in sun tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake fizga. Ba na kawo shi don in ce Precision ta fi kowace ba, domin Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley da Jazz Bass ya yi nasa nauyin sautin da duk mai son rege ya sani. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya zauna da guda har ya san duk wani lungu nata.

Nan ne kuskuren hannun da kake yi ya samo asali. Faɗin wuyan Jazz a can sama wajen kai milimita 38 ne, na Precision yakan kai 41 zuwa 44. A ido ba komai ba ne, amma yatsu da tazara suke haddace waƙa, ba da ido ba. Ibanez kuma wuyanta siriri ne, tsirkiyoyinta sun fi matsuwa da juna, sannan ta saman da babban yatsanka ke kwanciya a kai mai sautin B ce, ba mai sautin E ba kamar a jita mai tsirkiya huɗu. Duk ranar da ka sauya jita sai hannunka ya sake lissafi a tsakiyar waƙa, ga kuma ƙarin aikin danne tsirkiyar da ba a kaɗa ba don kada ta yi amo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Wanda ya shekara ashirin a kan ɗaya yana iya sauyawa ba ya tuntuɓe, kai kuwa yanzu kana raba lokacin gwajinka gida huɗu, kuma mafi yawansa a kan kwatanta sauti yake tafiya maimakon koyon kiɗa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka fara da yi wa ukun adalci, Squier da Fender da Ibanez. Ka danna tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Kaurin katin kasuwanci ya isa, kamar milimita 0.3. In ta fi haka da yawa, ko babu ratar sam, sandar ƙarfen da ke cikin wuya na buƙatar murɗi, kuma kwatan zagaye ake yi a tsaya a duba. In ka ji ta cije, ka bar ta ka kai wa mai gyara, domin in ta karye gyaranta ya fi kuɗin wata jitar. Bayan haka ka daidaita tsayin tsirkiya ya zama kamar milimita 2 zuwa 2.5 a firet na 12 a kan duka ukun, ka tabbata da na'urar saiti cewa sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsirkiyar a sake. Na san sabuwar tsirkiya ga jita uku ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan lokaci. Ka cire tsofaffin ka tafasa su a ruwa minti goma zuwa sha biyar, ka shanya su bushe sarai kafin ka mayar. Ƙyallin da za su dawo da shi na ɗan lokaci ne, amma ya ishe ka gwaji.

Daga nan ka kwashe su ka tafi da su wurin gwajin ƙungiya, a cikin majami'ar da kake kiɗa. Ka ba wani yaro wayarka ya zauna a bencin baya ya ɗauki sauti. Waƙa ɗaya, amfilifaya ɗaya, ka daidaita ƙarar su zo ɗaya, ka kaɗa da kowace. Kada ka saurara a ranar. Ka bari sai bayan kwana biyu, ka sa yaron ya kunna maka su a hargitse ta lasifika mai kyau ba tare da ya faɗa maka wacce ce wacce ba. Ka kira mai ganga da mai kibod su saurara tare da kai. Abin da za ku nema guda ne: a wanne ɗauka ne ake iya bin layin bes daga farko har ƙarshe ba tare da an kasa kunne da ƙarfi ba. Ina sa ran Squier ce za ta fito. In kuwa wata ce ta fito, ka bi kunnenku ka bar hasashena, sauran shawarar ba ta sauya ba.

Wadda ta fito, ka ba ta wata uku cur. Lahadi ita, Asabar ita, gwajin dare ita. Sauran ka sa su a jaka ka ɗora a inda sai ka taka kujera za ka ɗauko. A makonnin farko za ka ji kewar wani sauti da kake ganin sai Fender ke bayarwa. Kafin ka miƙe ka ɗauko ta, ka neme shi da hannunka: ka matsa da yatsunka can baya kusa da inda tsirkiya ta ƙare ka ji yadda sautin ke tsukewa ya yi kaifi, ka dawo kusa da wuya ka ji ya yi taushi da faɗi, ka rage maɓallin sautin zuwa rabi, ka danne da gefen tafin hannu. Jita mai maɓalli biyu kacal tana da sautuka da yawa a cikinta, sai dai wanda ke da wata a jingine kusa da shi ba ya tsayawa neman su.

Yamaha ta yayanka kuwa ka cire ta daga wannan gasa gaba ɗaya. Ba sayen ta ka yi ba, kuma ba don sautinta take ɗakinka ba. Ina jin tana cikin abin da ya sa zaɓin ya yi maka nauyi, domin duk wadda ka kira taka sai ka ji kamar ka juya wa tasa baya. Ba ka juya ba. Abin da ya bar maka na gaske yana cikin yatsunka, kuma da shi kake kiɗa ko wace jita ka rataya. Ka goge ta, ka riƙa ɗauko ta lokaci-lokaci kana kaɗa waƙoƙin da ya fara koya maka, ranar da ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya nuna sha'awa ka ɗora masa ita a cinya ka faɗa masa ta wace ce. In marigayin ya bar 'ya'ya, ka tuna suna da haƙƙi a kanta kafin naka. Kada ka sayar da ita don kuɗin makaranta, za ka yi nadamar da kuɗin ba za su goge ba.

Saura biyu, kuma a nan zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. In wata ukun suka cika hukuncin bai sauya ba, Ibanez ce ta cancanci zama, Fender ta tafi. Dalilina aiki ne. Tsirkiya ta biyar tana ba ka sautuka biyar a ƙasa da E, wato E♭ da D da D♭ da C da B, kuma ka san yadda masu kibod ke son ɗora waƙa a E♭ ko D♭, ko mai jagorar waƙa ta ce a sauke mata ki, wato a yi ƙasa da sautin waƙar, ana tsakiyar sujada. Wannan aiki ne da Squier ba za ta iya ba sai ka sauya saiti ko ka hau sama. Ga shi kuma Ibanez ta irin wannan ƙira yawanci ba ta da nauyi, kafaɗarka za ta gode a bikin da ake kaiwa dare. Fender kuwa tsirkiya huɗu ce kamar Squier, duk inda za ta je Squier na zuwa. Ita ce kuma ta fi riƙe daraja a kasuwa, don sunan da ke kanta mai saye ba ya wahalar samuwa. Kada ka yi gaggawa, kada ka kai wa dillalin da zai taya maka rabin kuɗi. Ka sanar a tsakanin makaɗa da majami'u, ka bar mai so ya zo ya kaɗa ta da hannunsa.

Kafin nan, waɗanda ke ajiye suna buƙatar kulawa, musamman da hunturu ke ƙaratowa. Ka zare batirin Ibanez in za ta daɗe ba a taɓa ta ba, don tsohon batir yana yoyo ya ci wayoyin ciki, kuma ko da kana amfani da ita ka riƙa zare wayar amfilifaya bayan kiɗa, domin muddin tana soke batirin na aiki. Kada ka jingina su a bangon da rana ke duka ko kusa da taga. In ka shafa gefen wuya ka ji bakin firet yana karce maka hannu, katakon ne ya bushe ya tsuke. A jaka a rufe ya fi musu, kuma kada ka sassauta tsirkiya gaba ɗaya, don an saita wuyan ne a kan jan da suke yi masa.

Ita kuma maman yara, tambayarta tana kan hanya, kuma ta yi haƙuri da ba ta yi ta tun ranar da babur ya tafi ba. Kada ka jira sai wata ukun sun cika kafin ka yi mata magana. Ka zaunar da ita yau ka faɗa mata tsarin dalla-dalla: ta yayanka za ta zauna a gidan, biyu kayan sana'a ne da ke kawo kuɗin Asabar, ɗaya kuma za a sayar a wata kaza, kuɗin su shiga makarantar yara. In wa'adin biyan kuɗin zai riga watan zuwa, ka gajarta wata ukun zuwa mako shida, ya isa hannunka ya faɗa maka gaskiya. Ranar sauraron abin da yaron ya ɗauka ma ka gayyace ta, don ta daɗe tana jin kiɗanka daga bencin mata, kuma daga can ne yawancin jama'a ke jin ka.